Ku Tambayi Anti: Tsohon Baturen Da Ya Ƙi Karɓar Tukuicin Agajinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da basira. Ni magidanci ne, ina zaune da iyalina a wata unguwa ta arewacin birnin Adelaide a ƙasar Ostireliya, ina karatu ina kuma ɗan taɓa aiki. Muna da maƙwabci, wani tsohon Bature ɗan asalin Ingila da ya haura shekara 80. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Da can tsakaninmu sai ɗaga hannu ta kan shinge.

Kwanakin baya 'yarmu mai shekara uku ta jawo kofin shayi ya kife mata a damtse. Uwarta ta fasa ihu, ni kuma na rarumo man goge baki zan shafa mata. Sai ga tsohon nan ya faɗo gidan da silifa, ya karɓe man daga hannuna, ya ɗauki yarinyar ya kai ta famfon kicin ya sakar mata ruwa. Ya kwance agogonsa ya ajiye a gefe ya ce minti ashirin cif, ya sa uwar ta lulluɓe mata sauran jiki da tawul. Da lokaci ya cika ya rufe wurin da ledar rufe abinci ya ce mu wuce asibiti. A can aka ce mana abin da aka yi a gida ne ya hana ƙunar yin zurfi.

Da na je godiya na kai masa kuɗi a ambulan, sai ransa ya ɓaci, ya mayar min. Amma ya zaunar da ni ya nuna min hotuna. Ya ce a 1964 suka zo da matarsa a jirgin ruwa, fam goma-goma suka biya. Tun yana yaro a Ingila ya shiga ƙungiyar St John Ambulance, da ya zo nan ya ci gaba, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba. Har yau yana kai wa tsofaffi abinci gida, wasunsu ma ya girme su. A ƙarshe ya ce in da gaske nake so in gode masa, in zo in koyi aikin.

Anti, abin ya tsaya min a rai. Wace irin ƙungiya ce wannan, kuma me zai sa mutum ya bar ƙasarsa ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane hidima kyauta? Na ga akwai kuros a rigarsu, ya dace Musulmi ya shiga? Sannan ni baƙo ne, ina tsoron in taɓa mutum ya mutu a hannuna a ɗaure ni ko a kore ni daga ƙasar. Ki ba ni shawara.

Wani magidanci, daga Adelaide

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi, ya kiyaye gaba. Ka gaishe min da mamanta, ka ce mata kada ta ga laifin kanta, ihun da ta yi shi ya jawo taimako.

Bari in fara da ƙunar, don masu karatu da yawa suna da ƙananan yara a gida. Duk abin da dattijon nan ya yi, haka ake yi. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, kuma zafin yana ci gaba da cin nama ko bayan an goge shayin. Abin da ke tsayar da shi ruwan famfo ne mai sanyi, yana gudu a kan wurin, minti ashirin, kuma yana da amfani ko da an yi jinkiri, matuƙar ba a wuce awa uku ba. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da kowane irin mai. A cire zobe ko awarwaro da tufafin da bai manne ba, a lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi. Abin da ake koyarwa a Ostireliya shi ne in ƙunar ta fi tsabar kuɗi ta senti 20 faɗi, ko kuma tana fuska, tafin hannu, ƙafa ko al'aura, a kai asibiti. Agogon da ya kwance ne ya fi burge ni. Wanda yake cikin ruɗani in ya yi minti uku sai ya rantse ya yi ashirin, kuma kukan yaro ba ya barin uwa ta jure. Wanda ya san haka har ya ajiye agogo, ya daɗe a cikin aikin.

Na yi aikin jinya a sashen gaggawa a wannan ƙasa shekaru masu yawa, don haka irin maƙwabcinka ba baƙi ba ne a wurina. Su ne za su miƙo maka majinyaci su ce ya faɗi ƙarfe biyu da minti goma, ya farfaɗo bayan minti huɗu, ga ƙwayoyin da muka samu a aljihunsa, duk a rubuce a 'yar takarda, wani lokaci ma a bayan safar hannun roba. Sai su tsaya gefe, ba su jiran godiya. Da yawansu in ka saurara za ka ji harshen Yorkshire ko na Liverpool bai bar bakinsu ba bayan shekara hamsin.

Zancen fam goma gaskiya ne. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, mutanen Ostireliya gaba ɗaya ba su kai miliyan takwas ba, ga ƙasa har ƙasa. Jiragen Japan sun yi wa garin Darwin ruwan bama-bamai a 1942, kuma abin ya tsorata su ƙwarai. Ministan shige da fice na farko, Arthur Calwell, ya riƙa cewa ko dai ƙasar ta cika da mutane ko ta halaka. Sai aka shirya da Birtaniya: babba ya biya fam goma, yara kyauta, gwamnati ta cike sauran, da sharaɗin za ka zauna shekara biyu, in ka fasa ka mayar da kuɗin jirgin. Sama da mutum miliyan ɗaya suka zo ta wannan hanya tsakanin 1945 da 1972, kuma shirin bai rufe ba sai 1982. Julia Gillard, wadda ta zama firaminista a 2010, haka iyayenta suka zo da ita daga Wales a 1966, kuma a nan Adelaide ɗin suka sauka. Ba zan ɓoye maka ba, farar fata aka buɗe wa wannan ƙofa. Manufar tace baƙi ta launin fata da aka kafa tun 1901 ba a gama kawar da ita ba sai 1973, don haka da ni ko kai ne muka nemi zuwa a 1964, da wuya a ba mu. Wannan ba laifin maƙwabcinka ba ne, amma ya kamata ka san tarihin inda kake zaune.

Ka tambaye shi yadda suka sauka. Wajen wata guda a kan ruwa ta mashigin Suwez, sannan tashar jiragen ruwa ta Outer Harbor a Adelaide, daga nan a kwashe mutane zuwa sansanin baƙi irin na Pennington ko Gepps Cross. A Ingila an nuna musu hotunan bakin teku da gidaje masu lambu, sai ga su a rumfunan kwano na sojoji, makewayi na haɗaka, abinci sai an bi layi, ga zafin Janairu da ke haura 40 ga mutumin da bai taɓa ganin irinsa ba. 'Yan ƙasa kuma suna musu ba'a, wai sun cika ƙorafi. Kusan ɗaya cikin huɗu sun tattara sun koma, wasu suka je suka tarar Ingilar ma ba ta karɓe su ba, suka sake dawowa. Waɗanda suka jure da yawa sun ƙare a garin Elizabeth, kusa da ku, wanda aka gina a fili fetal a 1955, suna aiki a masana'antar motoci ta Holden, wadda aka rufe a 2017. Sun sami gida da albashi. Abin da ba su samu ba shi ne dangi: babu kaka, babu goggo, babu wanda ya san mahaifinka. Uwarka za ta rasu a Ingila ka ji ta waya, kuma ba ka da kuɗin zuwa jana'iza.

To a nan amsar tambayarka take, a ganina. Saurayin da ya sauka a haka, me yake da shi da zai sa a san da zamansa? Maƙwabcinka yana da abu guda: ya iya ɗaurin karaya da tsayar da jini, kuma ƙungiyar da ta koya masa tana nan tana jiransa, riga iri ɗaya baƙa da fari, littafi iri ɗaya, hatta yadda ake naɗe ƙyalle mai kusurwa uku a rataye hannu iri ɗaya ne. Ya shiga zauren reshen unguwa da daddare bai san kowa ba, kafin wata ya zagayo yana tsaye bakin filin ƙwallo ranar Asabar da jakarsa, mutanen da ke dariyar harshensa suna kawo masa 'ya'yansu da haɓo. An ce baƙo raɓa ne. Wanda ya riƙe kan ɗanka yana zubar da jini kuwa, ba ka sake kallonsa a matsayin baƙo. Saboda haka kada ka ɗauka bai sami komai ba. Bai sami kuɗi ba, amma ya sami gari, ya sami abokai da suka ɗauki gawar matarsa, ya sami dalilin fita daga gida yau da ya haura tamanin.

Ita ƙungiyar a Ingila aka kafa ta a 1877, zamanin da injinan masaƙu da ramukan kwal da layin dogo suke cinye hannuwa da ƙafafun talakawa, likita kuma yana nesa. Dabarar ita ce a koya wa lebura yadda zai riƙe ran abokin aikinsa kafin likita ya iso. Wani likitan soja, Peter Shepherd, ya koyar da farar hula a Woolwich a 1878, shekara guda kafin a kashe shi a yaƙin Zulu. A 1887 aka kafa rundunar masu yunifom da ke tsayuwa a taruka, a 1922 aka buɗe sashen yara, inda maƙwabcinka ya fara. Ƙungiyar ta iso Ostireliya a 1883 ta Melbourne. Ka tuna kuma shi ɗan yaƙi ne, an haife shi lokacin da ake jefa wa biranen Ingila bama-bamai, ya tashi cikin manyan da suka tono maƙwabtansu daga ɓaraguzai. A wurin irin waɗannan mutane iya agaji wani ɓangare ne na zama cikakken mutum.

Kada ka zaci shekara sittin ɗin nan duk ceton rai ne. Mafi yawansu dare ɗaya ne a kowane mako ana atisaye a kan mutum-mutumin roba, ana ƙirga bandeji, ana duba ranar lalacewar kaya. Sai tsayuwar yini guda a bikin baje kolin Royal Adelaide Show a watan Satumba, da jerin gwanon Kirsimeti a Nuwamba, da faretin tsofaffin sojoji na ranar 25 ga Afrilu. Abin da za a kawo maka bororon takalmi ne, da harbin zuma, da wadda rana ta buga ta suma, da yaron da ya ɓace wa uwarsa. Sai ka yi tsayuwa ɗari kafin a sami wanda zuciyarsa ta tsaya. Amma ranar da aka samu, hannunka ya riga ya san inda zai sauka ba sai ka yi tunani ba, kuma wannan ne ka gani a kicin ɗinka. Mutane suna cewa wane mai kyakkyawar zuciya ne. Kai ma da ka rarumo man goge baki kana da kyakkyawar zuciya. Bambancinku atisaye ne.

A jiharku, Ostireliya ta Kudu, aikin ya fi haka nauyi a zamaninsa, domin daga farkon shekarun 1950 St John ce ke gudanar da motocin asibiti na jihar. Mutum zai tashi daga masana'anta, ya ci abinci, ya sa yunifom ya kwana a mota yana ɗauko waɗanda suka yi haɗari, da safe ya koma bakin inji. Ka tambaye shi inda yake ranar 16 ga Fabrairun 1983, ranar da gobarar daji ta ci tsaunukan Adelaide, ta kashe mutum 28 a jihar da 47 a jihar Victoria. A irin wannan rana 'yan agaji ne ke wanke wa 'yan kwana-kwana ido da hayaƙi ya rufe, su ɗaure musu ƙuna su koma cikin wuta. In ya yi shiru ka ƙyale shi. A 1989 aka sami saɓani tsakanin ma'aikata masu albashi da tsarin sa-kai, a ƙarshe aka janye 'yan sa-kai daga motocin cikin birni, aikin ya koma hannun hukumar motocin asibiti ta jiha a farkon shekarun 1990. Ni ina ganin birni mai mutum sama da miliyan yana bukatar ƙwararru na dindindin, amma na san dattawan da abin ya yi wa ciwo sosai. Wasu sun ajiye riga. Wasu, irin maƙwabcinka, sun koma bakin filin ƙwallo da jaka suka ci gaba. Abincin da yake kai wa tsofaffi kuwa, shirin Meals on Wheels ne, wanda wata baiwar Allah mai suna Doris Taylor, da ta yi rayuwarta a keken guragu, ta fara a Port Adelaide a 1954.

Akwai wani hali nasu da na fi girmamawa, kuma ba a cika lura da shi ba. Kusan duk abin da aka koya masa yana yaro an canza shi. A shekarun 1950, wanda numfashinsa ya tsaya kifar da shi ake yi, a danna bayansa a ɗaga gwiwar hannunsa. Danna ƙirji da muka sani yau sai a 1960 likitoci a Baltimore ta Amurka suka tabbatar da shi. Saran maciji da can ɗaure sama ake yi tamau a tsaga wurin. A 1979 Struan Sutherland na Melbourne ya nuna cewa ga macizan Ostireliya abin yi shi ne a naɗe gaɓar duka da bandeji mai matsewa, a ɗora katako, a hana mutum motsi, ba tsagawa, ba tsotsa, ba wankewa. A danna ƙirji kuma, da can danna goma sha biyar ne hura biyu, yanzu talatin ne. Na'urar girgiza zuciya ta farko da aka iya sawa a mota, wadda Frank Pantridge ya haɗa a Belfast a 1965, ta kai kilo 70. Yau tana rataye a bangon kanti, tana magana tana gaya maka abin yi, har jiharku ta yi doka a 2022 ta wajabta ajiye ta a gine-ginen jama'a. Kowane canji, dattijon nan ya zauna a kujera wata yarinya sa'ar jikarsa ta ce masa ba haka ake yi yanzu ba, ya ce to, ya sake koya. Na ga ma'aikatan lafiya masu digiri da suka kasa wannan.

Yanzu kuros. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Alamar nan mai tsini takwas ta samo asali ne daga wata ƙungiyar Kirista da ta fara da asibitin masu ziyara a birnin Ƙudus a ƙarni na 11, daga baya ta zama rundunar mayaƙa a yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Ta yau a ƙarni na 19 aka farfaɗo da ita a Ingila, Sarauniya Victoria ta ba ta takardar amincewa a 1888, kuma Sarkin Ingila ne uban ƙungiyar. Wannan shi ne tarihin. A aikace kuwa, sashen agajin ba ya tambayar addininka, ba ya wa'azi, ba ya sa ka yin wata ibada. A Maleshiya Musulmi suna cikinta. Asibitin ido da ƙungiyar ta kafa a Ƙudus tun 1882 har yau Falasɗinawa yake yi wa magani, yana da rassa a Gaza da Hebron. Ilimin kansa kuwa namu ne tun asali: Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, kuma Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 32 wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne. In zuciyarka ba ta kwanta da sa rigar ba, ka zauna da limaminku ka bayyana masa yadda abin yake. Amma ka raba abu biyu: koyon agaji daban, sa yunifom daban. Kwas ɗin yini guda ne, kowa na iya biya ya yi da kayan jikinsa. In kuma kana son aikin sa-kai ba tare da alamar ba, ga hukumar agajin gaggawa ta jiha masu riga ruwan lemo, ga 'yan kwana-kwanan karkara, duk 'yan sa-kai ne. Abin da ba zan karɓa daga gare ka ba shi ne ka fake da kuros ka zauna ba ka iya komai ba, alhali kana da 'yar shekara uku a gida.

Tsoron ɗauri kuma ka cire shi. Kusan kowace jiha a Ostireliya tana da dokar da ke kare wanda ya kai agaji da kyakkyawar niyya, ba don a biya shi ba, ba kuma da ganganci ba. A jiharku tana cikin dokar alhakin farar hula ta 1936 da aka yi wa gyara, kuma ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Kariyar tana faɗuwa ne in mai agajin yana cikin maye. In majinyaci yana cikin hayyacinsa ka nemi izininsa, in ya suma doka ta ɗauka ya yarda. Tsarin kuma ba shi da wuya: ka duba kada kai ma ka faɗa haɗari, ka kira shi ka matsa kafaɗarsa, in bai amsa ba a buga lambar gaggawa 000, ka buɗe hanyar iska, ka duba numfashi. In ba ya numfashi yadda ya kamata, ka ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji ka danna da ƙarfi, zurfin kashi ɗaya cikin uku na ƙirjin, sau 100 zuwa 120 a minti, danna talatin hura biyu, in ba za ka iya hurawa ba ka ci gaba da dannawa kawai, wani ya rugo da na'urar girgiza zuciya. Mai amsa wayar zai riƙa ƙirga maka. Haƙarƙari yana iya karyewa, ya sha karyewa a hannuna, kuma yana warkewa. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwar mutumin tana raguwa da kashi bakwai zuwa goma cikin ɗari.

Ba ka tambaya ba amma na san yana ranka: in mace ce fa? Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya gano cewa in zuciya ta tsaya a bainar jama'a, maza kashi 45 cikin ɗari ne ke samun mai danna musu ƙirji, mata kuwa 39, kuma jin nauyin taɓa su yana cikin abin da ake dangantawa da hakan. Malamanmu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana. In akwai mace da ta iya, ta yi. In babu, ka yi, wani ya kare ta da mayafi daga idon jama'a. Shi ya sa nake so ku je kwas ɗin tare da maiɗakinka, don ita ce ta fi zama da yarinyar. Takardar shaidar shekara uku take yi, sashen danna ƙirji kuma duk shekara ake sabunta shi. In ka yanke shawarar shiga rundunar, za a nemi takardar 'yan sanda da ta izinin aiki da yara, horon kuma su za su ba ka.

Game da godiya, kuɗin nan kada ka sake kai masa, a wurinsa kamar ka ce aikin nasa na sayarwa ne. Ya riga ya faɗa maka abin da yake so. Ka ƙara da zumunci: ku riƙa leƙa shi, musamman ranakun tsananin zafi, don tsofaffin da ke zaune su kaɗai ne zafin Adelaide ya fi kashewa, kuma irinsa ba ya cewa a taimake shi. Ranar Sallah ku aika masa da abinci, ku kira shi ya zauna da ku. Ka ɗauki hirarsa a waya in ya yarda, ka ba 'ya'yansa ko jikokinsa in yana da su. Akwai gidan tarihin ƙaura a tsakiyar birninku da aka buɗe a 1986, ku je tare ya nuna maka abin da ya gani da idonsa. Sannan ka sani kowa na iya gabatar da sunan mutum don lambar yabo ta ƙasa, wadda ake sanarwa ranar 26 ga Janairu da kuma ranar bikin haihuwar Sarki a watan Yuni. Ka tuntuɓi shugabannin reshensu ka ji ko an taɓa yi masa, in ba a yi ba ku cike takardar tare ba tare da ya sani ba. Kuma in ka sami shaidarka, ka yi wa kwamitin masallacinku magana a kan na'urar girgiza zuciya da mutum biyu ko uku da za su riƙa tsayuwa da jaka ranar Idi. Maƙwabcinka zai ji daɗi in kuka roƙe shi ya zo ya duba muku kayan.

TAMBAYA

Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce sabuwar zuwa Perth. Na ga motocin asibiti a nan duk St John aka rubuta, aka ce min ƙungiyar sa-kai ce, amma kuma aka ce in ka kira su sai ka biya. Yaya abin yake?

Wata ɗaliba, daga Perth

AMSA

Barka kadai 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Duka biyun gaskiya ne. A jihar Ostireliya ta Yamma da kuma Yankin Arewa, St John ce ke riƙe da aikin motocin asibiti bisa yarjejeniya da gwamnati, a Perth ma tun 1922. A cikin birni ƙwararru ne masu albashi. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa kuwa, a jihar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan biyu da rabi, manomi ne da malamar makaranta da mai kanti suke ajiye aikinsu su tuƙa motar kyauta. Amma mota da mai da magani da na'urori ba kyauta suke zuwa ba, kuma inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, ba ta biyan kuɗin motar asibiti. Kiran gaggawa ɗaya a Perth yana haura dalar Ostireliya dubu. Mazauna Queensland da Tasmania ne gwamnatocin jihohinsu suke ɗauke wa wannan nauyi.

Ke da kike da bizar karatu, inshorar lafiyar ɗalibai da aka wajabta miki kafin ki shigo tana ɗaukar kuɗin motar a halin gaggawa. Ki buɗe takardarki yau ki karanta sashen, ki ajiye lambar inshorar a wayarki. In kika ga mutum ya faɗi, ko yana riƙe da ƙirji yana gumi, ko bakinsa ya karkace magana ta sarƙe, ki buga 000 nan take. Ba a tambayar kuɗi kafin a zo, takardar biya daga baya ake aikowa, kuma sunan wanda aka yi wa jinya take ɗauka, ba na wanda ya kira ba.